Namijin Dabinon Baffa

Daga Allah muke, kuma wurinsa babba da yaro za su koma. Baffa, wan mahaifina, ya riga mu tafiya a farkon sanyin bara, da hantsi, yana zaune a zaurensa yana gyaran igiya. Bai yi jinya ba. Goggo, ƙanwarsa, ita ta shigo da kunu ta same shi ya jingina da bango, ta yi ta yi masa magana tana tsammanin fushi yake yi da ita, domin ya saba.

Na daɗe ina so in rubuta wani abu a kansa don kada a manta da shi, ina fasawa. Tsorona biyu ne. Ina tsoron in yabe shi fiye da yadda yake, in yi ƙarya a kan mamaci. Ina kuma tsoron in faɗi laifin masu rai, in ci namansu. Abin da na gani shi zan faɗa, inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba. Idan na ƙara ko na rage, Allah ya yafe mini.

Ranar zaman makoki na zauna kusa da ƙofar zaure, ina jin na ciki ina jin na waje. Liman ya ce, “Mutumin kirki ne, mai tsare salla. Sai dai bakin nan nasa, Allah ya yafe masa.” Dattawa suka ce amin, wasu suna ɓoye murmushi a cikin rawani. Fulanin rugar gabas suka zo da ƙwaryar nono, suka durƙusa suka yi addu'a, babbansu ya ce tun yana yaro Baffa bai taɓa hana shanunsu rijiya ba, kuma bai taɓa barin su su sha ba tare da ya yi musu faɗa ba.

Sai ga Iya, wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli a bayan gidanmu, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa kuma ba ta da ɗa namiji. Maimakon ta wuce cikin gida wurin mata, sai ta tsaya a bakin zaure tana kuka, tana cewa, “To ni wa zai hau mini? Sanyi ya shigo, wa zai hau mini?” Mutane suka sunkuyar da kai. Wani dattijo ya ce a ja ta ciki, ba a maganar dabino a kan gawa. Ni ma a ranar na ga kamar ba ta kyauta ba. Yanzu ina ganin a duk waɗanda suka yi magana, ita kaɗai ta faɗi abin da muka rasa.

A bayan katanga kuma samari ne zaune, waɗanda suka dawo daga haƙar kabari. Na ji ɗaya ya ce a hankali, “Yau dai kunnuwanmu za su huta.” Suka yi 'yar dariya. Na miƙe zan yi masa magana, sai na ga tafin hannunsa duk ya kumbura ya fashe saboda riƙon diga. Shi ne ya fi kowa haƙa. Na koma na zauna. Har yau ban san abin da ya kamata in ce masa ba.

Ga wanda bai tashi a ƙasar dabino ba, sai in ɗan yi bayani, domin ba za a gane Baffa ba sai da shi. Dabino akwai mace akwai namiji. Mace ke yin 'ya'ya. Namiji fure kawai yake yi, a cikin wani kube mai tauri, idan ya nuna ya tsage sai ka ga zare-zare masu gari fari-fari, da ƙanshin da ake ji daga nesa. Idan sanyi ya shiga, ita ma mace kubenta yakan tsage. A 'yan kwanakin nan ne dole mutum ya hau namiji ya yanko fure, ya sauko, ya hau mace, ya karkaɗa mata garin, ya cusa zaren a tsakiyar nata furen ya ɗaure. Idan aka makara, dabinon zai fito ƙanana, ba ƙwallo, ba zaƙi, ya yi ta zubewa kafin ya nuna.

A ƙauyenmu, wanda ke yammacin Dutse, tafiyar safe zuwa azahar a ƙafa, kusan kowane gida da macen dabino, wani ɗaya wani biyu. Namiji kuwa guda ɗaya ne tak, yana bakin gonar Baffa, dogo sosai, miƙaƙƙe. Kakanmu ya gada, Baffa ya gada daga gare shi. Tun kafin a haife ni Baffa ke hawansa, ya bi gida-gida. Ba ya sallama da kyau. Sai dai matan gida su ji ƙarar igiya a jikin itace su yi maza su yafa mayafi. Idan aka tambaye shi ina zuwa da sassafe haka, da fure a soke a gefen hularsa, sai ya ce, “Ɗaurin aure. Amaren garin nan ba su da waliyyi sai ni.” Ba ya karɓar komai. Idan dabino ya nuna aka aiko masa, yakan ɗauki ɗaya ya ɓare ya duba ƙwallon, ya gyaɗa kai, sauran ya ce a kai masallaci.

Wata shekara awakin Liman suka cinye masa dashe. Baffa ya daina gaishe shi. Yana bin sa salla, da an sallame sai ya ɗauki takalmansa ya fita. Haka suka yi damina guda. Da sanyi ya zo, Liman ya fito alwalar asuba ya wuce masallaci, da ya dawo sai ya ga mutum a kan dabinonsa. Ya tsaya a gindi ya ce, “Sannu da aiki, Allah ya saka da alheri.” Baffa ya leƙo ta tsakanin ganye ya ce, “Ba wurinka na zo ba. Ita ba ta da awaki.” Ya gama ɗaurinsa, ya sauko, ya wuce. Sai da aka yi sallar layya suka shirya.

Amma abin da aka fi saninsa da shi faɗa da samari ne. Ya tashi kafin zuwan Turawa, kuma a wurinsa duk abin da ya zo bayansu sai an wanke shi. Yakan tare saurayi a hanya ya ce, “Kai, rijiyar da ka sha yau wa ya haƙa ta?” Idan yaro ya ce bai sani ba, sai ya ce, “Ka sha gumin mutum ba ka san ko sunansa ba. Amma in na tambaye ka yadda gyaɗa ta kwana a Ringim, yanzu za ka karanta mini kamar Fatiha.” Yana kiransu 'yan buɗe-baki. Ya ce an haife su baki buɗe, suna jiran a zuba, kuma ko an zuba ba sa tambayar daga ina. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ringim, samarinmu suka daina son gandu. Kowa yana son gayaunarsa ta gyaɗa, da kaka ta yi kuma su tafi can ɗaukar buhu da bin masu awo. Aka daina gayyar yasar rijiya sai an yi ta kira. Katangar maƙabarta ta zube, aka yi ta cewa za a gyara. Duk wannan gaskiya ne, na gani da idona.

Ni ma ban tsira ba. An sa ni elementare a Dutse, na yi abin da na yi na fito, yanzu ɗinki nake a kasuwar can. Duk ranar da na zo gida sai ya ce, “Ga malamin da aka koya wa rubutu ta baibai. Zo ka karanta mini wannan gajimaren, za a yi ruwa?”

Yakan ce, “Mu da muna samari, in katangar tsohuwa ta faɗi, kafin ta gama salati mun kwaɓa ƙasa.” Wata rana ya faɗi haka Goggo tana tsinke zogale a gefe. Ba ta ɗago ba ta ce, “Ni dai na ga samartakar nan. Sai da Babanmu ya bi wani da tsumagiya har bayan gari kafin ya je gayya.” Baffa ya ce, “Ke mace ce, ba ki san abin da ya haɗa mu ba.” Ta ce, “Na san wanda ya ɓuya a rumbu.” Muka yi ta dariya, shi kuma ya tashi ya fita. A lokacin abin dariya ne kawai. Daga baya ya zame mini abin tunani. Idan shi ma sai da aka bi shi da tsumagiya, to yaushe ya zama Baffan da muka sani, kuma wa ya yi haƙuri da shi har ya zama?

Ɗansa namiji guda ɗaya ne ya rayu, autansa, mu duka Auta muke ce masa. Na girme shi. Yana ɗan saurayi ya taɓa ɗaukar igiyar Baffa ba da izini ba, ya hau namijin nan, ya yanko kube. Ashe bai nuna ba, da aka tsaga ba gari a ciki. Ya kawo wa ubansa yana murna. Baffa ya riƙe kuben a gaban mutane a ƙofar masallaci ya ce, “Ku ga abin da na haifa. Ya zubar wa gida uku dabinon shekara yana washe haƙora.” Ya ce masa, “Kada in sake ganin ƙafarka a jikin itacen nan.” Auta bai sake ba. Bayan ya girma na ji shi da kunnena ya ce, “Baba, bana in riƙa bin ka?” Baffa ya ce, “Ka bi ni ka ɓata? Je ka awon gyaɗarka.” Kuma a ranar da yamma na ji shi yana gaya wa Liman cewa yaran yanzu ba wanda ke son koyon komai.

Wannan shi ne abin da na kasa daidaitawa a raina. Duk abin da ya faɗa a kan samari na yarda da shi. Amma ban taɓa ganin ya miƙa wa ɗayansu igiya ba.

Bayan an yi sadakar bakwai aka zauna rabon gado. Aka lissafa gonaki, da awaki, da matan dabino. Ba wanda ya ambaci namijin, tunda ba ya 'ya'ya, ba a ɗauke shi dukiya ba. Gonar da yake ciki ta faɗa wa Auta. Ba a jima ba muka ji cewa zai sare shi. Yana son ya gina ɗakin soro irin na masu sayen gyaɗa a Ringim, kuma duk yankinmu ba itace mai tsawo da miƙewar wannan da za a tsaga a yi azara.

Goggo ta je wurin Liman. Ina wurin. Liman ya ce, “A shari'a nasa ne. Marigayi bai taɓa cewa ya bar shi sadaka a gaban shaidu ba.” Goggo ta ce, “Allah gafarta Malam, mutum ya tsufa yana hawan abu yana raba wa gari, kai ma kana ci, wace shaida kuma ake nema?” Liman ya ce, “Ni dai abin da littafi ya ce na faɗa. A roƙe shi.” Dattawa suka ce lalle a roƙe shi. Da aka zo kan wanda zai je, kowa ya ce ai maganar cikin gida ce. Goggo ta dube ni.

Na same shi a gona yana auna gindin itacen da hannu, abokansa biyu suna tsaye. Na yi ta zagaye-zagaye kafin in kai ga maganar, kamar yadda na saba. Ɗaya daga abokan ya ce, “Ni fa an gaya mini a Ringim wahalar banza tsoho yake yi. Iska ce ke kai garin.” Na ce, “Iskar daga ina za ta ɗauko, in an sare?” Ya ce, “Allah ke ba da dabino, Malam.” Ɗayan ya ce, “Ni tun da nake ban san ma akwai namiji ba, na zaci juya ne.” Wannan yaro a gidansu akwai mace biyu, da dabinonsu aka yaye shi.

Auta ya ce su yi shiru. Ya ce, “Yaya, ni na san amfaninsa. Kada ka haɗa ni da su.”

Na ce, “To ka ga kuwa abin ya fi muni. Gari guda ya dogara da shi.”

Ya ce, “Garin ya dogara da shi, ko ya dogara da Baba? Tsaya in tambaye ka. Shekarar da ya zamo daga dabinon Liman ya gurɗe ƙafa, ya yi damina a kwance, wa ya zo ya nome masa gona? Dattawan da suka aiko ka, wanne ya turo ɗansa? Ni na nome ta ni kaɗai, yana daga kwance yana zagina cewa ban iya riƙon fartanya ba. Wa ya taɓa saya masa igiya? Wa ya taɓa tsayawa a gindi ya riƙe masa ko kwando? Kowa sai ya buɗe ƙofa ya ce sannu. In mu ne 'yan buɗe-baki, a wurin wa muka gani?”

Na ce, “Amma Iya fa? Da dabinon nan take sayen hatsi in damina ta yi nisa.”

Ya ce, “Akwai mazan dabino a Dutse. A je a karɓo fure. In na bar shi tsaye ma wa zai hau? Kai?”

Ni kuwa ko a kan katanga na tsaya sai jiri ya ɗebe ni, ya sani. Na dawo na gaya wa Goggo cewa ban iya ba. Na kwana ina jera amsoshin da ya kamata in ba shi, da gari ya waye na duba ba ko ɗaya da ta tsaya.

Ranar da suka sare shi na taho daga Dutse, tun daga nesa na ji gatari. Kafin in iso mutane sun taru a bakin gona, maza da mata. Dattawa suna tsaye hannu a baya. Itacen ya daɗe yana gardama. Da ya tafi, sai ya tafi a hankali, ya daki ƙasa har na ji a ƙafata.

Ashe kubensa sun nuna. Tun rasuwar Baffa ba wanda ya ɗaga kai ya duba. Da kan ya bugi ƙasa suka farfashe gaba ɗaya, garin ya tashi fari kamar an zazzage buhu, ƙanshin ya cika gonar. Ƙanshin hular Baffa ne. Goggo ta juya baya ta rufe fuska.

Iya ce ta fara motsawa. Ta ratsa mutane da sandarta, ta durƙusa a cikin ƙaya, ta tsinko zare ta zuba a bakin zanenta. Sannan ta miƙe da ƙyar ta nufi Auta, wanda ke tsaye da gatari gumi yana zuba. Ta miƙa masa ta ce, “Ɗan nan, tun shekaranjiya kuben dabinona ya tsage. Tunda ka sauko mana da shi ƙasa, ungo, wa zai kai sama?”

Na zaci zai yi mata tsawa, ko ya juya ya tafi. Ya dubi furen, ya dubi mutane. Ya ajiye gatari, ya cire takalman da ya sayo a Ringim, ya ce wa wata yarinya ta je zaure ta ɗauko igiyar da ke rataye. Muka bi shi har bayan gidan Iya. Ya zagaya dabinon da igiya ya haye. Ina ƙasa ina ta addu'a kada ya faɗo, kada a ce a rana ɗaya mun rasa itace mun rasa yaro. Da ya kai sama na ga ya sassabe ƙayar da ke kusa, ya karkaɗa garin, ya juya zaren kai ƙasa ya cusa a tsakiya, ya yagi ganye ɗaya ya ɗaure sako-sako. Har yadda Baffa ke goge hannu a hula bayan ya gama, haka ya yi. Ba wanda ya koya masa. Duk shekarun nan yana kallo ne daga nesa.

Da ya sauko Liman ya matso ya ce, “Nawa ma sun fara tsagewa.” Auta ya ce, “Allah gafarta Malam, a kawo mai riƙe kwando.” Liman ya kira ɗansa.

Abin da ya biyo baya ban san sunan da zan ba shi ba. Abokan Auta suka ga ya hau, suka ce su ma sai sun hau. Suka mai da abin gasa. Wanda ya ce iska ce ke kai gari shi ya fi kowa saurin hawa. Wanda bai san akwai namiji ba ya yi ta tambaya, Auta yana yi masa tsawa da muryar da na sani: “Ba haka ba, za ka ɓata.” Furen ga shi a ƙasa tuli, ba sai an yi tsimi ba kamar yadda Baffa ke yi. Suka bi gari gida-gida suna ihu da dariya, mata suna ba su fura. Goggo ta shanya sauran a inuwa ta zuba a gora, aka yi wa masu makara da shi har ya ƙare.

Da zafi ya zo dabino ya nuna, ban taɓa ganin irinsa ba. Nonon dabino, wato curin 'ya'yan, sai da aka tokare shi da sanda saboda nauyi. Iya ta sayi hatsinta har ta yi sabon zane. A ƙofar masallaci na ji dattawan nan da suka tsaya hannu a baya suna cewa, “Ashe yaran nan da albarka. Marigayi ne dai bai ba su dama ba.” Wani ma ya ce bana ya fi na zamanin Baffa zaƙi. Aka aiko mini da nawa a kwano. Na ɓare ɗaya na duba ƙwallon, cikakke ne. Na ci, yana da zaƙi, kuma na kasa cin na biyu.

Auta ya gina soronsa. Na shiga na zauna, na ɗaga kai na ga azara a jere, masu kyau. Ya ce, “Yaya, ka ga ba a yi asara ba.” Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ina kallon wanda ya sare abincin gari don ɗakinsa, kuma shi ne wanda ya hau wa tsohuwa dabino ranar da dattawa suka kasa ko magana. Idan na ce Baffa ya yi gaskiya a kansa, sai in tuna kuben nan a ƙofar masallaci. Idan na ce Baffa ya zalunce shi, sai in tuna kututturen da ke bakin gona. Na tambayi Goggo wanne ne. Ta ce, “Kai kullum sai ka raba. Uba da ɗa ne, halinsu ɗaya, shi ya sa ba su zauna inuwa ɗaya ba.”

Yanzu sanyi ya sake shigowa. Tsohon itace ne, ya daɗe da daina fitar da 'ya'ya a gindi, don haka ba abin da za a dasa daga gare shi. Goggo ta binne ƙwallaye a kewayen kututturen, wasu sun tsiro, tana ba su ruwa. Amma dabinon ƙwallo ba a sanin mace ne ko namiji sai ya yi shekaru ya yi fure. Ta ce ita ce mace ta farko a garin nan da ke roƙon Allah ya ba ta itacen da ba ya haihuwa.

Maganar a je Dutse a karɓo, kowa ya yarda za a je. Na tambayi wani mai namiji a can, wanda nake yi wa ɗinki. Ya ce ba ya hana fure, haram ne a hana, amma su ma nasu matan suna jira, ba su da mai hawa wa baƙo. A turo mutum ya hau ya yanka da kansa, ya kama hanya a ranar. Na kawo wannan magana gida. Dattawa suka ce a gaya wa samari. Samari kuwa ba sa nan, domin lokacin furen dabino shi ne lokacin awon gyaɗa, duk suna Ringim. Bara rasuwar ce ta tsare su a gida. Na aika wa Auta da baki ta wurin masu jakuna. Suka dawo suka ce ya ce ya ji, in ya sami sarari.

Ban sani ba ko zai zo. Wani lokaci ina ganin zai zo, in na tuna yadda ya cire takalman nan. Wani lokaci ina ganin ya riga ya biya abin da yake ganin ana bin sa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kaifin harshensa saboda tsawon hawansa. Ya sa kowane dabino da aka ci ta dalilinsa ya zame masa inuwa. Ya shirya mana samarinmu, ya shirya mu da muke zaginsu daga zaune.

Jiya da safe Iya ta aiko cewa kubenta na farko ya tsage. Na fita na duba hanyar Ringim, ba kowa sai masu itace. Da na dawo zaure, Goggo ta shigo, ta sauko da igiyar daga inda take rataye, ta ajiye a kan tabarma kusa da gwiwata, ta fita. Tana nan har yanzu da nake wannan rubutu. Na ɗaga ta ɗazu. Ta fi yadda nake zato nauyi.